Taki a Gona, Annoba a Kogi: Amsoshin Tambayoyin Masu Karatu

Yawancin wasiƙun da suka iso wannan fili a wannan wata sun karkata ne ga batu guda, wato gurɓatar koguna da tafkuna sakamakon sinadaran taki da ƙazantar gari da ke kwarara cikinsu, da kuma yadda ƙasashe ko jihohin da ke shan kogi ɗaya za su iya haɗa kai su rage ɓarnar. Mun zaɓi shida daga ciki, mun taƙaita su saboda ƙarancin fili.

Tambaya daga wani mai kiwon kifi a Yawuri: Na ji masana suna cewa taki yana gurɓata ruwa har ya kashe kifi. Abin da ke raya shuka, ta yaya zai zama guba?

Amsa: Malam, takin yana yin aikinsa ne a cikin ruwan kamar yadda yake yi a gona, kuma wannan aikin shi ne tushen matsalar. Sinadarai biyu ne ake magana a kansu, naitirojin da fosforas, waɗanda ke cikin yuriya da kamfa da sufa, suna kuma cikin kashin dabbobi, da bayan gida, da ruwan mahauta, da wasu nau'o'in garin sabulun wanki. Idan suka yi yawa a kogi ko tafki, gansakuka da sauran ƙananan tsirran ruwa sukan hayayyafa fiye da ƙima, har ruwan ya koma kore shar. Da rana waɗannan tsirrai suna fitar da iskar oksijin, amma da dare shaƙar ta suke yi, sannan idan suka mutu suka nutse, ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da su sukan cinye ɗan abin da ya rage. Kai da kake kiwon kifi ka san alamar: da asuba, kafin rana ta fito, sai ka tarar da karfasa sun taso saman kududdufi suna buɗe baki suna haɗiyar iska, a wannan lokaci ne oksijin yake kai wa ƙarshen raguwarsa. Tarwaɗa takan jure domin tana iya shaƙar iskar sarari, shi ya sa wasu masu kiwo ba sa gane ruwansu ya lalace sai ya fara wari. Zafin ƙasarmu yana ƙara tsananta abin, domin ruwa mai ɗumi ba ya riƙe oksijin kamar mai sanyi.

Wasu nau'o'in gansakukar suna fitar da guba kai tsaye. A watan Agustan 2014, hukumomin birnin Toledo da ke jihar Ohayo ta Amurka sun hana mutane kimanin 400,000 shan ruwan famfo na kusan kwana uku, saboda gubar da ta fito daga gansakukar tafkin Iri, tafkin da Amurka da Kanada ke tarayya a kansa.

Akwai wani abu guda da ya kamata a riƙe, domin shi ne dalilin da ya sa batun ya wuce ƙarfin ƙasa ɗaya. A kogi mai gudu da sauri gansakuka ba ta samun sukunin taruwa, saboda haka wanda ya zuba ƙazantar sau da yawa ba ya ganin illarta. Sai ruwan ya isa inda yake kwanciya, bayan madatsa, ko fadama, ko tafki, ko bakin teku, sannan cutar ta bayyana, wataƙila ɗaruruwan kilomita daga inda aka fara ta.

Tambaya daga wata ɗalibar kimiyyar muhalli a Zariya: Muna karanta yarjejeniyoyi da yawa a aji. Shin akwai inda haɗin kan ƙasashe ya rage irin wannan gurɓata a zahiri, ko duk a takarda suke ƙarewa?

Amsa: Malama, akwai, kuma misalin da na fi ganin ya cancanci nazari shi ne kogin Danub na Turai. Kogin yana tasowa daga kudancin Jamus, ya yi tafiyar kimanin kilomita 2,850 ya faɗa Baƙin Teku ta gaɓar Romaniya da Yukiren, kuma ƙasashe 19 ne ke da rabo a yankin da ruwansa ke gangarowa cikinsa, adadin da babu wani kogi a duniya da ya kai shi. Daga shekarun 1960 zuwa ƙarshen shekarun 1980, gonakin gwamnati da manyan gidajen kiwon aladu da biranen da ba su da matatar ƙazanta sun riƙa tura naitirojin da fosforas zuwa tekun, har sashensa na arewa maso yamma, wanda ba shi da zurfi, ya rasa oksijin a ƙasansa. Wajajen 1990 an ƙiyasta faɗin wannan mataccen yanki da kusan murabba'in kilomita 40,000, kuma kamun kifi a gaɓar Romaniya da Bulgeriya ya durƙushe.

A watan Yunin 1994 ƙasashen yankin suka sa hannu kan yarjejeniyar kare kogin a birnin Sofiya, ta fara aiki a 1998, aka kafa hukumar haɗin gwiwa mai hedikwata a Biyena. Abin da ya fi burge ni a tsarinsu shi ne sun fara da awo kafin komai. Tun 1996 suka kafa tashoshin ɗibar ruwa a wurare da aka amince da su, musamman kusa da kan iyakoki, ana gwada shi ta hanya iri ɗaya, ana kuma wallafa sakamakon, ta yadda za a san nawa ya shiga Hangari daga sama, nawa ya fita daga cikinta. Daga 2001 kuma suka fara wani gagarumin bincike na bai ɗaya, inda masana daga ƙasashe daban-daban ke bin kogin suna ɗibar samfuri tare, aka maimaita a 2007 da 2013 da 2019. Idan kowa ya yarda da ma'auni, gardamar wa ya fi laifi takan ragu, a koma maganar wa zai biya.

Sai dai yarjejeniyar ita kaɗai ba ta da haƙoran cizo. Ƙarfin ya zo ne daga dokokin Tarayyar Turai, waɗanda suka zama wajibi ga duk ƙasar da ta shiga ƙungiyar. A 1991 aka yi dokoki biyu: ɗaya ta tilasta wa garuruwa tattara ƙazantarsu da tace ta, tare da cire naitirojin da fosforas a manyan garuruwan da ke zuba ruwansu a wurare masu rauni, ɗayar kuma ta ƙayyade cewa a yankunan da ke cikin haɗari kada takin dabbobi ya wuce kilo 170 na naitirojin a kowace hekta a shekara, ta kuma hana zuba taki a lokutan da shuka ba za ta iya amfani da shi ba. A 2000 aka ƙara dokar da ta wajabta tsara harkar ruwa bisa yankin kogi gaba ɗaya, ko da ya ratsa iyakoki, daga 2013 kuma aka taƙaita fosforas a sabulun wankin tufafi. Tarayyar ta haɗa dokar da kuɗi, shi ya sa Budafes, babban birnin Hangari, ta samu babbar matatarta a 2010, Bukares, babban birnin Romaniya, ta samu tata a 2011. Ta kuma haɗa ta da kotu, domin a 2018 kotun Tarayyar ta samu Jamus, duk da arzikinta, da laifin gazawa wajen kare ruwanta daga naitiret, wato nau'in naitirojin da ke narkewa cikin ruwa. Belgired kuwa, babban birnin Sabiya, wadda ba ta cikin Tarayyar, ta shiga shekarun 2020 tana zuba ƙazantarta cikin kogin ba tare da babbar matata ba, alhali ƙasar tana cikin hukumar ta Biyena.

Adalci ya sa in ƙara da cewa ba duk farfaɗowar Baƙin Teku ce aikin siyasa ba. Bayan rushewar gwamnatocin kwaminisanci daga 1989, manoman gabashin Turai sun kasa sayen taki, an rufe gidajen kiwo masu yawa, gurɓatar ta ragu da kanta saboda talauci. Abin da haɗin kan ya yi shi ne hana ta komawa yadda take a dā bayan tattalin arziki ya miƙe, wannan kuma ba ƙaramin aiki ba ne.

Ki kwatanta da kogin Misisifi, wanda yake cikin ƙasa ɗaya amma yana tattaro ruwa daga jihohi 31 na Amurka. An kafa kwamitin haɗin gwiwa na tarayya da jihohi a 1997, aka sa burin rage mataccen yankin Tekun Meziko, inda kogin ke faɗawa, zuwa ƙasa da murabba'in kilomita 5,000 kafin 2015. Da lokacin ya yi ba a cim ma burin ba, sai aka ɗage shi zuwa 2035, a 2017 ma aka auna yankin ya haura murabba'in kilomita 22,000, mafi girma tun da aka fara awo. Dalili a bayyane yake: dokar tsaftar ruwa ta Amurka ta 1972 ta kama masana'antu da matatun gari, amma ta bar ruwan da ke gangarowa daga gonaki, saboda haka manomin masara a jihar Ayowa ganin damarsa ne ya rage taki ko kada ya rage, mai kamun jatan lande a Luwiziyana kuma ba shi da inda zai kai ƙara. A ganina bambancin wuraren biyu ya tsaya ne a kan ko an ɗora wa kowane ɓangare wani nauyi takamaimai da za a iya tuhumarsa a kai.

Tambaya daga wani manomin shinkafa a Kura, jihar Kano: Da wace fuska za a ce mu rage taki, alhali buhu ɗaya sai mun ci bashi muke saya?

Amsa: Alhaji, ƙorafinka yana kan hanya, kuma duk wanda ya ɗauko maganin Turai ya kawo shi nan ba tare da gyara ba ya yi kuskure. Lokacin da shugabannin Afirka suka yi taro kan taki a Abuja a 2006, matsakaicin abin da ake zubawa a Afirka kudu da Sahara kilo 8 ne kacal a hekta, suka sa burin kai shi kilo 50 kafin 2015, yawancin ƙasashe kuma ba su kai ba, alhali ƙasashe irin su Holan da Sin suna zuba fiye da kilo 200. Yawancin gonakinmu na damina yunwar taki suke fama da ita. Don haka idan aka zo lissafin abin da ke gurɓata kogunan Arewa, ƙazantar birane ce ya kamata a fara dubawa. Duk wanda ya bi rafin Jakara daga tsakiyar Kano ya ga baƙin ruwan da ke ɗauke da ruwan kwatami da na mahauta, ya ga inda rafin Getsi ke kawo masa ruwan masana'antun Bompai kafin su ƙarasa madatsar Wasai, ba zai ɗora wa manomi laifin farko ba. Masu lambu a gefen rafin ma suna ban ruwa da shi ne domin sun ga yana ƙosar da latas da alayyafo ba tare da sayen taki ba, sai dai yana tafe da ƙwayoyin cuta da sinadaran majemu waɗanda ba a so su shiga cikin abinci.

Amma filayen noman rani irin naku na Kadawa suna da nasu rabo, domin a nan ne taki da ruwa suke haɗuwa a wuri ɗaya duk shekara. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na naitirojin. Idan aka watsa shi a kan fangali mai cike da ruwa da tsakar rana, washegari aka fasa kunya ruwan ya wuce magudana, wani kaso ya tashi sama ya bi iska, wani ya bi ruwa, abin da shinkafar za ta samu sau da yawa bai kai rabi ba. Ashe kenan asarar aljihunka da gurɓatar kogin abu ɗaya ne. Hanyoyin rage ta sanannu ne: a raba takin kashi biyu ko uku bisa girman shuka, a rage ruwan fangali kafin a zuba, a toshe mafita na 'yan kwanaki, ko a yi amfani da dunƙulallen yuriya da ake cusawa cikin laka tsakanin gindin shuka huɗu. Ga masu gero da dawa kuma, cibiyar binciken ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai ta yaɗa dabarar sa ɗan taki kaɗan, abin da bai wuce cikin murfin kwalba ba, a ramin shuka. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke neman ka rage amfanin gonarka.

Tambaya daga wani masunci a Gashuwa: Kachala ta toshe mana hanyoyin ruwa, mun rasa kamun kifi, mun rasa gonaki. Shin ƙazantar Kano ce ta jawo mana, kuma wa za mu kama?

Amsa: Malam, babban abin da ya kawo kachala, doguwar ciyawar nan ta ruwa, shi ne sauyin yadda ruwa ke gudana. Kafin a gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, kogin Haɗeja yakan cika ya yi ambaliya da damina, ya janye da rani har ƙasa ta bushe, wannan bushewar kuma ita ce ke hana ciyawar kafuwa. Da aka koma sakin ruwa duk shekara, sai ƙasa ta zauna a jiƙe, laka ta taru, kachala ta samu wurin zama, ta toshe tsohuwar hanyar kogin, ruwa ya karkata ta hanyar ruwa ta Marma zuwa Nguru yana cinye gonaki, yayin da na ƙasa da ku ke neman ruwa ruwa a jallo. Ta kuma zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki da ke wawashe hatsi. Sinadaran da ke gangarowa daga Kano da filayen noman rani suna ciyar da ita, suna ƙara mata ƙarfi, amma ko da an tace su sarai, ba za ta tafi ba sai an gyara tsarin sakin ruwa an kuma yashe hanyoyin.

Game da wanda za a kama, nauyin a warwatse yake, wannan ma wani ɓangare ne na cutar. Hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda ta tarayya ce, ita ke riƙe da madatsun, tsaftar gari tana hannun jihohi da ƙananan hukumomi, sa ido kan masana'antu kuma na hukumar NESREA ne, mai tabbatar da bin dokokin muhalli, da aka kafa a 2007. A 2006 jihohi shida da ke yankin, Kano da Jigawa da Bauchi da Yobe da Borno da Filato, sun amince da kafa asusun amana na bai ɗaya domin kula da kogunan Haɗeja da Jama'are da Komadugu Yobe. Tunanin mai kyau ne, kuma nan ne ya kamata ƙungiyoyin masunta da sarakunan ruwa su kai kukansu a dunƙule, su nemi a sa ingancin ruwa cikin abin da ake tattaunawa, domin har yanzu rabon ruwa ne ke cinye yawancin zaman. Kada a manta kuma kogin bai tsaya a Najeriya ba, domin a ƙarshen tafiyarsa shi ne iyaka tsakaninta da jihar Diffa ta Nijar kafin ya shiga tafkin Chadi.

Tambaya daga wata ma'aikaciyar jinya a Maraɗi: Shin tafasa ruwan rijiya yana cire naitiret?

Amsa: A'a, Hajiya. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma naitiret yana nan, yawansa ma ƙaruwa yake yi gwargwadon ruwan da ya ƙone. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar miligiram 50 a lita ɗaya, musamman domin kare jarirai 'yan ƙasa da wata shida da ake dama wa madarar gwangwani, waɗanda yawan sinadarin ke iya hana jininsu ɗaukar oksijin. A garuruwanmu yawanci daga salga da turken dabbobi yake tsiyaya zuwa rijiya, shi ya sa ake ba da shawarar barin tazarar kimanin mita 30 a tsakaninsu. Shayar da nonon uwa zalla a watanni shidan farko yana kawar da wannan haɗari kusan gaba ɗaya.

Tambaya daga wani malamin makaranta a Gaya, Jamhuriyar Nijar: Muna da hukumar kogin Neja da ta tafkin Chadi tun zamanin kakanninmu. Me suka rasa da na Turai suke da shi?

Amsa: Malam, ta fuskar shekaru da takardu ba su rasa komai ba. Hukumar tafkin Chadi an kafa ta a 1964 a Fort Lami, wato Injamena ta yau, ta kuma amince da kundin dokokin ruwanta a 2012. Ta kogin Neja ma ta faro ne a 1964, aka sake mata fasali a 1980, hedikwatarta tana Yamai, tana da ƙasashe tara: Gini, Mali, Nijar, Binin, Najeriya, Burkina Faso, Kwaddibuwa, Kamaru da Chadi, kuma shugabanninsu sun sa hannu kan nasu kundin a 2008. Kundayen biyu duk sun yi maganar hana gurɓata ruwa da sanar da maƙwabta kafin a yi wani babban aiki. Chadi ta shiga yarjejeniyar ruwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018, Kamaru a 2022, Najeriya a 2023.

Abin da ya yi ƙaranci shi ne awo, da adadi, da kuɗi. Hukumomin sun fi ƙwarewa wajen auna yawan ruwa, domin fari da ambaliya da madatsu su ne suka fi damun gwamnatoci, ingancin ruwan kuwa ana gwada shi ne jefi-jefi idan wani shiri na masu ba da tallafi ya zo, shirin na ƙarewa awon ya tsaya. Ga shi kuma Bamako da Yamai suna kan kogin kai tsaye, suna girma da sauri, kuma mafi yawan ruwan ƙazantarsu yana isa gare shi ba tare da tacewa ba, kamar yadda kowa ke gani a kwarin Gunti Yena da ke ratsa Yamai. Ciyawar ruwa mai fure shuɗi-shuɗi da ke lulluɓe kogin a kusa da biranen nan, wadda ta addabi tafkin Biktoriya a shekarun 1990, tana bunƙasa ne a inda abincinta ya yi yawa.

Ba mu da wata tarayya mai kotu da baitulmali irin ta Turai, ficewar Mali da Burkina Faso da Nijar daga ECOWAS a Janairun 2025 kuma ta ƙara nisanta gwamnatocin da ya kamata su zauna tare. Saboda haka ni dai ba zan sa rai da wata doka mai tilastawa nan kusa ba. Abin da za a iya yi da ɗan kuɗi shi ne a zaɓi wasu daga cikin tashoshin da ake auna tsayin ruwa a cikinsu tun dā, irin su Kulikoro, da Ansongo, da Yamai, da Malambil da ke tsallaken garinku, da Jebba, da Lokoja, a riƙa ɗibar ruwa kowane wata ana gwada naitirojin da fosforas da oksijin ta hanya ɗaya, a ɗora aikin a kan jami'o'in da ke kusa, a wallafa sakamakon inda kowa zai gani. Bayan shekara biyar za a san abin da kowace ƙasa ke karɓa da abin da take miƙa wa ta ƙasa da ita, sannan ne za a iya maganar adadin da kowa zai rage. Game da tacewa kuma, tafkunan da ake tara ƙazanta a cikinsu rana da ƙwayoyin halitta su narkar da ita sun fi dacewa da zafinmu da ƙarancin lantarkinmu fiye da matatun injina, irinsu ne ake amfani da su a Kosodo da ke Wagadugu. Babbar buƙatarsu fili ne, don haka ya kamata hukumomin Yamai da Kano su keɓe shi tun yanzu, kafin gine-gine su cinye gefen garin.